Kada Ƙannenmu Su Rasa Gurbin Karatu Saboda Sakacinmu



Duk shekara sai mun ji kuka iri ɗaya a unguwanninmu: "Yaro ya ci JAMB amma an hana shi gurbi." Nan take sai mu ce ai sai ɗan wane da wane. Gaskiya ne akwai son kai a ƙasar nan, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa daga cikin yaran nan tun wajen cike fom suka faɗi, kuma mu yayyensu muna zaune muna kallo.

A kaina ya faru. Shekarar da na gama sakandare, mai kafe na bari ya zaɓa min darussan jarrabawa. Makina ya yi kyau, amma darussan ba su dace da kwas ɗin da na nema ba. Haka na yi zaman shekara guda kafin na shiga poli na yi difloma. Ba na raina diflomata, amma har yau ina jin ciwon shekarar nan.

Don haka duk mai ƙane ko ƙanwa a ajin ƙarshe na sakandare, ga abin dubawa.

Na farko, lambar NIN. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Suna da ranar haihuwar da ke NIN su zo daidai da na WAEC ko NECO. "Muhammad" a nan, "Mohammed" a can, wallahi yana iya jawo wahalar watanni. Layin wayar da aka yi rajista da shi kuma a riƙe shi gam, kada a yi da layin mai kafe.

Na biyu, darussa. Huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, jimillar maki 400. Mai son likitanci sai Physics, Chemistry da Biology. Mai son injiniyanci sai lissafi, Physics da Chemistry. Mai son aikin lauya kada ya bar adabin Turanci. A buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB a karanta kafin a zaɓa. Ana kuma neman kiredit biyar har da Turanci, da kuma lissafi a yawancin kwasa-kwasai, galibi a zama ɗaya ko biyu.

Na uku, kwamfuta. Tun 2015 a kan kwamfuta ake jarrabawar nan baki ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ranar jarrabawa za a ce ya fara koyo? Haba jama'a! A kai shi ya gwada tun da wuri.

Na huɗu, zaɓen makaranta. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, poli da kwalejin ilimi 100. Amma fa wannan bakin ƙofa ne kawai, kowace makaranta da kowane kwas da nasa makin. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a ilimin boko. Ke nan yaron Jigawa da ya nemi Bayero yana da damar da ba lallai ya samu a Ibadan ba. In maki bai kai ba, a canza kwas ko makaranta tun lokaci bai ƙure ba, hakan ba abin kunya ba ne.

Na biyar, kuma nan aka fi faɗuwa: CAPS, shafin da JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa tun 2017. Sai an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a kai a cibiyar da aka amince da ita, in gurbi ya fito kuma sai yaro ya shiga ya karɓa da kansa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, ku guje shi. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, ranar tafiya bautar ƙasa ake gane kurensa.

Batun kuɗi kuwa, tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Kada talauci ya sa a ƙi nema tun farko.

Yanzu ga namu aikin. Lokacin zaɓe mun san kowane gida a mazaɓarmu, mun san wa ya karɓi kati, wa bai karɓa ba. To me zai hana mu san yara nawa ke gama sakandare bana? Kowane shugaban matasa ya rubuta sunayensu, maza da mata, ya nemo ɗalibin jami'a ɗaya ko biyu su zauna da su ranar Asabar. Kada a tambayi yaro jam'iyyar ubansa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, mu fara yanzu kafin a buɗe rajista.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa su fi mu. Amin.