Ruwan Carbonnieux da Sarkin Santambul

Jama'a, a kudu da birnin Bordo na Faransa akwai wata tsohuwar gonar inabi, Château Carbonnieux, wadda ta yi suna da farar giyar da ake haɗawa da inabi iri biyu, Sauvignon da Sémillon. Wasu sufayen Kirista ne suka saye ta a 1740, kuma tun 1956 tana hannun iyalin Perrin. To, ni ba giyar ce ta dame ni ba, almarar da ke biye da ita ce.

Wai sufayen nan sun so shigar da hajarsu fadar Sarkin Santambul, inda giya take haramun. Sai suka rubuta a jikin kwalaben cewa ruwan Carbonnieux ne. Wai sarki ya kurɓa, ya yi mamakin abin da ya kai Faransawa shan giya alhali suna da ruwa mai daɗi haka.

Haba! Mu da muke kwana karatun ƙagaggun labarai ai mun san ƙira in mun gani. Abin nan fa launinsa ruwan ɗorawa-ɗorawa ne, ga wari, ga tsami a harshe. Wane mai hankali ne zai ɗauke shi ruwa? Ke nan an bar wa sarkin zaɓi biyu, ko wawa ko munafuki, kuma kowanne ya ɗauka dariya za a yi masa. Su kuwa sufayen da aka ce sun shirga ƙarya don ciniki, su aka mayar gwanayen labarin, ana ta yaba wayonsu.