TALAKA, DUBI ƘASA KAFIN KA DUBI FENTI

Jama'a, damina tana tona asirin magini. Mu a ƙasar Gumel ba a bakin kogin Haɗeja muke ba, amma duk wanda ya ga daminar 2022 ya san ruwan sama kaɗai ya isa ya kwantar da ɗaki. Saboda haka muke jan kunnen 'yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwa masu niyyar sayen gida a Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar. Mutum ya yi shekara goma yana tara kuɗi a kasuwar Alhamis ta Maigatari, sa'an nan dillali ya nuna masa fenti da ƙofar ƙarfe, ya biya bai ko tambayi harsashi ba!

To, harsashi iri uku ne a wurinmu. Na farko shi ne na tubali zalla, watau ƙasa bisa ƙasa. Shi ya fi araha, kuma kakanninmu sun zauna cikinsa lafiya, domin sukan yi gindin bango da kauri, su yi yaɓe kowace shekara. Amma in ruwa ya kwana a gindinsa, sai ya jiƙe ya zauna. Na biyu shi ne wanda aka fara da dutse ko bulon siminti, aka ɗaga shi sama da ƙasa kamar kamu guda, sa'an nan aka ɗora tubali. Wannan shi ne rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi, gama laima ba ta kai ga tubalin da wuri, ɗakin kuma da sanyi lokacin bazara. Na uku shi ne wanda aka haƙa rami sosai, aka zuba kankare, aka jera bulo mai inci 9. Shi ya fi ƙarko, in an yi shi bisa gaskiya.

A nan ne ha'inci yake. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, waɗansu masu gini don sayarwa sun koyi jera bulo a kan yashi babu kankare, ko su shafe tubali da siminti su ce ginin bulo ne. Harsashin dutse na gaskiya ya fi na kankaren ƙarya sau goma.

Haka kuma a dubi ƙasar da gidan ke bisa. Yawancin ƙasarmu jigawa ce. Rairayi yana ɗaukar nauyi, amma in indararo na zuba a gindin bango, ruwa zai kwashe shi daga ƙarƙashi. Ƙasar fadama kuwa takan kumbura da damina ta tsage da rani, bango ya bi ta. Mafi muni duka shi ne kududdufin da aka cike da shara aka yanka filoti. Nan ko kankare sai ya nutse.

Ga shawararmu. Kada ka sayi gida da rani. Je ka gan shi a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa. Tafi da maginin da kai ka zaɓa, ba na dillali ba, ya ɗan tona gefen bango ku gani da idonku. Dubi tsagar da ta karkace daga kusurwar taga, da gishirin da ke cin gindin bango, da ƙofar da ta ƙi rufuwa. Tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da. Mai gidan da ya hana ka tonawa ya riga ya ba ka amsa.

Su kuma mahukunta, muna da tambaya. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna amana ne domin jama'a. Ina amanar, in ana yanka filoti a hanyar ruwa ana kallo? Ana karɓar harajin rumfa a kan kari, amma ba mai zuwa duba ramin harsashi. In ɗaki ya faɗa wa yara, sai a zo da tabarma da 'yar shinkafa da mai ɗaukar hoto. Mu dai abin da muke nema shi ne ƙananan hukumomin nan 4 su bayyana wuraren da ruwa ke kwanciya, su hana sayar da su, su sa mai duba gini wanda talaka zai kira ba da cin hanci ba.

Kafin su farka, kowa ya tona da hannunsa. Allah ya ba talaka sawaba, amin.