Yaro Da Tabar Wiwi: A Fara Duba Gida

Idan an kama yaro da tabar wiwi a makaranta, abin da aka saba yi shi ne a yi masa bulala, a ce miyagun abokai ne suka lalata shi. Lalle abokai suna da nasu laifi. Amma mu a ganinmu, wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne gidan da yaron ya fito.

A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da wani ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi bincike a Nijeriya, suka tarar mutum miliyan 10.6 suna shan wiwi. Shaye-shaye kuwa ya fi yawa tsakanin masu shekara 25 zuwa 39, watau shekarun aure da haihuwa. Ashe ke nan yara da yawa suna tashi a gaban mashaya.

Halin iyaye yana bin yaro ta hanya uku. Ta farko gado. Masana sun gwada tagwaye masu yawa a Amurka da Ostareliya, suka ga kimanin rabin abin da ke sa wani ya fi wani saurin kamuwa daga jini yake. Ta biyu koyi. Uban da ke aiken ɗansa sayen sigari, ko uwar da ke ɓoye kwalbar maganin tari mai kodin a ƙarƙashin gado, sun riga sun ba da darasin da wa'azin malami ba zai kankare shi da sauƙi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ta uku ita ce wadda muka fi jin kunyar ambatonta, watau ciwon damuwa da taɓin hankali. Uwar da baƙin ciki ya danne ta wata da watanni ba ta da ƙarfin tambayar ɗanta inda ya wuni. Gidan da ake kwana ana faɗa, yaro yakan guje masa, ya nemi abin da zai kwantar masa da rai a waje. Wannan ciwo ne, ba mugun hali ba, yana kuwa da magani. Akwai asibitocinsa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri.

Kada wani ya ce tun da gado ne sai haƙuri. An ƙiyasta cikin masu shan wiwi kamar mutum 1 cikin 10 ke kamuwa har ya kasa bari, amma cikin waɗanda suka fara tun suna samari abin yakan kai 1 cikin 6, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Saboda haka kowace shekara da aka tsare yaro bai fara ba, riba ce.

To, malamai, ga roƙonmu. In kun ga yaro ya soma fashi, ko yana gyangyaɗi a aji, ku binciki halin gidansu cikin sirri kafin ku ɗauki bulala. Kada ku kore shi, gama kora tana miƙa shi ga masu sayarwa ne. Ku nemi dattijo cikin danginsu wanda zai iya kai uban ko uwar ga likita ba tare da tonon asiri ba. Ma'aikata kuma, kowa ya dubi abin da 'ya'yansa ke gani a hannunsa in ya komo daga ofis. Allah ya shirya mana zuriya, amin.