Wa ake yi wa dariyar?

Kai mai riƙe da waya, ka taɓa tambayar kanka me ya sa tsohon bidiyon Ibro har yau yake kayar da kai, alhali wani barkwancin da aka ɗora jiya a TikTok ɓata maka rai ya yi?

Masana sun daɗe suna gardama kan abin da ke sa ɗan Adam dariya. Thomas Hobbes na Ingila, a 1651, cewa ya yi murna ce ta ganin ka fi wani: baƙauye ya shigo birni yana kame-kame, kai kuma kana jin ka waye. Sigmund Freud, a 1905, ya ce hanya ce da zuciya ke sauke abin da ta danne. Tuna Samanja Mazan Fama. A zamanin da ganin kaki ke sa a sauya hanya, sai ga soja a talabijin yana kwaɓa Hausar bariki, kowa na darawa ba fargabar bulala. Wasu kuma suka ce sirrin shi ne bazata, wato ka sa ran abu, wani daban ya faɗo. Nan marigayi Rabilu Musa Ibro ya fi ƙarfi. Kana jiran 'yan birni su damfari bagidaje, sai ka ga shi ya yi musu wankin babban bargo.

Ni dai bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na Peter McGraw da Caleb Warren na Amurka, a 2010. Daga cikin sharuɗɗan da suka kawo: a taka wata ƙa'ida, sannan mai kallo ya tabbata ba wanda ya cutu. Bahaushe ai ya riga su sani. Maganar da Bagobiri zai yaɓa wa Bayarabe, ko taubashi ga taubashiyarsa, a tafa a wuce, gwada ta kan baƙo ka ga yadda za ku ƙare gaban mai unguwa.

To yanzu auna wannan da bidiyoyin da wasunku ke yi. Rawani ya rufe fuska, ga bindigar katako, ana buga waya ana cinikin kuɗin fansa, tsoho a durƙushe yana "mi niy yi muku?" da harshen Zamfara, an bi da sautin tafi. Ga wanda ke kwance a ɗakinsa a Abuja, sharaɗi na biyu ya cika, wasa ne. Ga yarinyar da ke zaman gudun hijira a Anka, ko magidancin Bukkuyum da ya sayar da gona ya karɓo ɗansa, ko ɗan kasuwar Gummi da ba ya kama hanya sai ya tambayi labarinta, wannan kiran waya ba wasa ba ne. Su ma fa suna da waya, suna gani. Ga kuma ɓarawon kullum da lafazin Fulatanci, kamar ba Fulani cikin waɗanda aka kwashe wa shanu.

Ba hani nake kira a yi ba. An ɗaure Ibro a Kano a 2008, bai hana kowa kallonsa ba. Kuma je ka teburin mai shayi a Anka ka ji yadda mutane ke zolayar halin da suke ciki, har ka riƙe ciki. Amma su ke riƙe da zancen, kuma ba wanda aka sace suke mayarwa wawa ba.

In za ka ɗauki bidiyon, ɗauka. Sai dai wandon da zai zame ya zama na mai bindigar, ko na ɗan siyasar da ya zo jaje da masu ɗaukar hoto goma da buhun shinkafa biyu. Tsohon nan kuwa, ba shi irin bakin Ibro, ya tashi daga durƙuson.