Littattafan da Muke Gudu Su Ke Mulkinmu

Wani ra'ayi ya yi kaka-gida a tsakaninmu, tun daga zauren malamai har zuwa jami'a, wai littattafan da Turawa suka gina tunaninsu a kai babu abin da ya haɗa mu da su. Mai kishin addini yana ganin karanta Aflatun da Aristotal ƙofar zindiƙanci ce. Mai kishin Afirka yana cewa tarkacen mulkin mallaka ne, a share su daga manhaja. Uban da ke biyan kuɗin makaranta kuwa tambayarsa ɗaya ce, wane aiki ɗansa zai samu da su. Dukkansu sun yi kuskure, domin ƙin karanta waɗannan littattafai bai raba kowa da tasirinsu ba. Ya dai bar mu zaune ƙarƙashin dokokin da ba mu san dalilin kafa su ba.

A duba yadda ake mulkinmu. A 1979 Nijeriya ta ajiye tsarin firaminista irin na Ingila ta ɗauki na shugaban ƙasa irin na Amurka, kuma kundin tsarin mulkin 1999 a kansa ya tsaya. Raba iko tsakanin majalisa da masu zartarwa da alƙalai yana da asali a littafin da Montesquieu ya fitar a 1748. Batun cewa mulki ba ya halatta sai da yardar waɗanda ake mulka, John Locke ne ya tsara hujjarsa a ƙarshen ƙarni na 17. Yadda tarayya za ta zauna da jihohi, Madison da Hamilton da Jay sun yi bayaninsa a maƙalu 85 tsakanin 1787 da 1788. Nijar ma kundayen da ta yi ta rubutawa tun bayan samun 'yanci, daga Faransa ta ɗebo su, inda tunanin Rousseau ya yi jijiya. Wanda ya karanta Montesquieu ya san an gina tsarin ne bisa zaton cewa duk mai iko zai wuce gona da iri, kuma babu mai taka masa birki sai wani ikon. Saboda haka idan gwamna ya sa majalisar jiharsa a aljihu, makarancin ya san ginshiƙi ne ya karye, alhali wanda bai karanta ba zai ɗauka zaman lafiya aka samu.

Haka abin yake a fagen addini. Sashe na 10 na kundin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, kuma an kai ruwa rana a kan wannan batu tun muhawarar shari'a ta 1978 har zuwa matakin da Zamfara ta ɗauka a 1999. Amma nawa ne cikin masu tada jijiyar wuya a ɓangarorin biyu suka san inda tunanin ya samo asali? Magani ne da Turai ta haɗa wa ciwonta, bayan Martin Luther ya ja daga da fadar Fafaroma a 1517, Kiristoci suka yi ta karkashe juna, har yaƙin da ya cinye ƙasashen Jamus daga 1618 zuwa 1648. Cikin wannan gajiya Locke ya rubuta wasiƙarsa kan haƙuri da bambancin addini, wadda ta fito a 1689. Ko kana goyon bayan raba addini da gwamnati ko kana adawa, hujjarka ba za ta yi nauyi ba sai ka san ciwon da aka yi maganin dominsa, sannan ka iya cewa irin namu ne ko ba irin namu ba ne.

Mai tsoron gurɓacewar imani ya kamata ya waiwayi magabatansa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, bai soki masana falsafa ba sai da ya zauna ya ƙware a karatunsu, ya rubuta Maƙasidul Falasifa yana bayyana ra'ayinsu dalla-dalla, sannan ya fito da Tahafut. Gaskiya ne ya kafirta su a mas'aloli uku, ya kuma gargaɗi wanda bai da tushe kada ya kutsa. To amma shi ɗin ne ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhu, Mustasfa, da gabatarwa kan manɗiƙi. Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, ya kare ilmin manɗiƙi a gaban Suyuɗi da ke haramta shi. Sullam na Ahdari da almajirai ke haddacewa a zaurukanmu, in aka bi salsalarsa, sai an dangana da Aristotal. Ko Ibn Taimiyya da ya yi wa manɗiƙi raddi mai zafi, da saninsa ya yi. Gargaɗin Gazali kira ne a nemi malami da tushe. Yau kuwa matasa suna cin karo da gutsattsarin waɗannan ra'ayoyi a wayoyinsu, ba malami ba littafi, kuma wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Hujjar mai kishin Afirka ta fi ƙarfi, kuma babu amfanin ɓoye ta. Aristotal ya ce akwai mutanen da bauta ce ɗabi'arsu. Locke ya zuba jari a kamfanin cinikin bayi. Hegel ya fitar da Afirka daga tarihin duniya. John Stuart Mill, wanda ya rubuta littafin 'yanci a 1859, ya yi shekaru yana wa kamfanin da ke mulkin Indiya aiki, kuma ya keɓe al'ummomin da ya ɗauka ba su waye ba daga wannan 'yancin. Sai dai waɗanda suka fi yi musu illa su ne waɗanda suka karanta su. Frantz Fanon ya yi gogayya da Hegel kai-tsaye a littafinsa na 1952. Kwame Nkrumah ya karanci falsafa a Amurka, ya bi tarihinta tun daga Girka a littafinsa na 1964 kafin ya kafa tasa hujjar. Bayin Haiti da suka tashi a 1791 sun riƙe Faransa da alkawarin 'yancin da ita da kanta ta shelanta, suka kafa ƙasa a 1804. Wanda bai san inda Mill ya saɓa wa ƙa'idarsa ba, zagi kawai zai iya, kuma zagi bai taɓa rushe hujja ba.

Shi kuwa uban da ke neman aikin ɗansa, a gaya masa cewa lauya da alƙali da ɗan jarida da ɗan majalisa duk da hujja suke cin abinci, kuma ba a koyon gina hujja daga taƙaitattun takardun da ake haddacewa daren jarrabawa. Abin da ya dace shi ne jami'o'inmu su sa ɗalibi ya karanta littafin kansa, babi bayan babi, su ajiye Aflatun kusa da Farabi, Machiavelli kusa da Magili, Hobbes kusa da Ibn Khaldun, Locke kusa da Liya'ul Hukkam na Abdullahi ɗan Fodiyo. Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun ta kashe dukiya wajen mayar da littattafan Girka zuwa Larabci, har da hannun Kiristoci irin su Hunainu ɗan Ishaƙa, kuma ba ta rasa addininta ba. Sassan Hausa da na falsafa da na nazarin addini a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da masu iya wannan aiki. Su fassara, su yi sharhi, su yi raddi inda raddi ya kama, domin talaka ya auna da harshensa hujjojin da ake mulkinsa da su.