Tambarin Mota da Mudun Gaskiya



Zafin ranar Gumel da ƙurar hanyar Maigatari ba sa barin tambarin mota da ƙyallinsa. Ko zakin da ke gaban tsohuwar Fijo 504 yakan koɗe, ko ya ɓalle. Idan mai mota ya sayo irinsa a Ƙofar Ruwa, Kano, ya liƙa, ba mu ga laifi ba. Gyara ne.

Damuwarmu ita ce motar sayarwa da ake liƙa wa V6 alhali injinta silinda huɗu ne. Manomin Sule Tankarkar da ya sayar da riɗinsa na shekara guda bai iya karanta inji ba, rubutun bayan mota yake gaskatawa. Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Ubangiji yake ƙyamar ma'aunin algus, kuma wannan ma algus ne, ko da gam aka yi shi.

Wasunmu masu koyon kanikanci ne, maigida ke ba da umarni. Ƙin liƙawa zai iya jawo kora. Idan aka kori ɗan'uwa saboda haka, nema masa wani gareji yana wuyan zumuntarmu, har da abincinsa kafin ya samu.