Lauyan Gwamna Ko Lauyan Talakawa?

Jama'a, Babban Lauyan Jihar Kano ba ku ke zaɓensa ba. Gwamna ke naɗa shi daga Gidan Gwamnati na Nassarawa, Majalisa ta amince, ran da ya ga dama kuma ya tuɓe shi. Ga shi sashe na 211 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba lauyan nan ikon janye ƙarar laifi tun alƙali bai yanke hukunci ba. To, in ɗan gaban goshin Gwamna ya ci dukiyar talakawa fa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A Amurka jihohi 43 cikin 50 da ƙuri'a suke zaɓen nasu. Mu kam muna kira a gyara Tsarin Mulki, a ba talaka wannan ƙuri'a.